Daga Zungur zuwa Gubi: Inda Karatun Jami'a ke Kakare wa Ɗalibi

A kowace shekara, cikin ɗaliban da suka samu gurbin karatu a jami'o'in Najeriya, akan samu waɗanda tun a zangon farko karatun zai fara yi musu tirjiya. Wasu su faɗi darasi ɗaya ko biyu su ɗauke shi zuwa shekara ta gaba, abin da ɗalibai ke kira kari-oba. Wasu a ba su gargaɗin gwaji saboda makinsu ya yi ƙasa. Wasu kuma a sallame su, su koma gida bayan iyaye sun riga sun sanar da dangi cewa ɗansu na jami'a. Dalilan suna da yawa: akwai rashin kuɗi, akwai rashin lafiya, akwai matsalar gida. Amma akwai wani rukuni na dalilai da suka shafi karatun kansa, wato tushen da ɗalibi ya zo da shi, da fannin da aka ba shi, da yadda yake karatu, da yadda ake koyar da shi, da yadda ake lissafa makinsa. Waɗannan su ne aka fi raina wa, domin da zarar yaro ya faɗi sai a yanke hukuncin cewa wasa ya yi ko kuma ba shi da kai, alhali sau da yawa ba haka lamarin yake ba.

Gundumar Zungur, a ƙaramar hukumar Bauchi, wuri ne da ya dace a duba wannan al'amari daga cikinsa. Sunanta ya shiga tarihin ilimin Arewa ta hanyar Malam Sa'adu Zungur, malami, marubucin waƙoƙi kuma ɗan gwagwarmaya, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya wuce Babbar Kwalejin Yaba da ke Legas a 1934, ya kuma rasu a 1958. Jami'ar Jihar Bauchi da aka kafa a Gadau a 2011 sunansa take ɗauke da shi yanzu. A cikin garin Bauchi kuma akwai Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, wadda aka kafa a 1980 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, aka haɗe ta da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1984, ta sake tsayawa da ƙafarta a 1988, tana da mazauni a Yalwa da kuma Gubi. Yaron da ya gama sakandaren jeka-ka-dawo a Zungur ko Liman Katagum ba ya bukatar barin jiharsa kafin ya samu jami'a. Nisan da ke gabansa ba na hanya ba ne. Tazarar tana tsakanin abin da aka koya masa da abin da jami'a ke zaton ya riga ya sani.

Babban ɓangaren wannan tazara Turanci ne. A ƙasar Bauchi akwai yaran da harshen gidansu Fulatanci ne ko Jaranci ko Geranci, Hausa ce harshensu na biyu, Turanci na uku. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa a shekarun farko na firamare, sannan a koma Turanci. A 2022, lokacin da Malam Adamu Adamu yake ministan ilimi, gwamnatin tarayya ta amince a faɗaɗa hakan zuwa shekara shida, sai dai kafin tsarin ya kankama aka soke shi a ƙarshen 2025. A aikace kuwa, abin da ke faruwa a makarantun gwamnati da yawa shi ne malami ya rubuta darasi da Turanci a allo, ya yi bayani da Hausa, yara su kwafe abin da ke allon ba tare da sun iya sake faɗinsa da bakinsu ba. Yaro ya tashi bai ƙware a karatu da Hausa ba, bai kuma mallaki Turancin ba. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon firamare tare da ƙwararren malamin Turanci, ya nuna cewa harshen uwa ba ya hana yaro iya Turanci. Abin da ke cutarwa shi ne a yi rabi da rabi, babu wanda aka yi da kyau.

Illar wannan ba ta fitowa sosai sai an shiga ɗakin lakca. Malami yana magana da sauri, ba ya tsayawa ya fassara, wataƙila ma ba ya jin Hausa. Ɗalibi yana ƙoƙarin yin aiki uku a lokaci guda: ya ji kalmomin, ya juya su a kansa, ya rubuta. Kafin ya gama da jimla ɗaya malami ya wuce uku. A ɗakin jarrabawa kuma sai tambaya ta zo da kalmar da ke neman a kwatanta abu biyu, ko a yi sharhi, ko a kawo hujja, shi kuwa ya zuba duk abin da ya haddace a kan batun, ya cika shafi huɗu, ya fito yana murna. Makin da zai gani a allon sanarwa ba zai yi kama da wahalar da ya sha ba, kuma babu wanda zai zaunar da shi ya nuna masa cewa ba a ilimin ya faɗi ba, a fahimtar tambayar ya faɗi.

Lissafi da kimiyya su ne na biyu, kuma a jami'ar fasaha su ne ƙofar shiga kowane fanni. Ɗaliban aji ɗaya na injiniyanci da kimiyya da aikin gona da zanen gine-gine duk sai sun bi ta darussan lissafi, mafi yawansu kuma da fiziks da kemistiri. Waɗannan darussa gini ne hawa-hawa. Wanda bai zauna daram a kan aljabara ba, ba zai gane kalkulas ba, komai yawan daren da ya raba yana kallon littafi. Akwai ɗaliban da suka ci jarrabawar kemistiri ta gama sakandare amma ba su taɓa riƙe kwalbar gwaji da hannunsu ba sai ana saura kwanaki jarrabawar aikin hannu, akwai kuma waɗanda suka yi shekara guda cur ba su da malamin fiziks.

A nan ne takardar sakamako ke yaudarar kowa. Sharaɗin shiga jami'a da aka saba da shi shi ne kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, a zama ɗaya ko biyu. Inda aka yi satar amsa, ko aka kai yaro wata makarantar ƙauye da ta yi suna wajen “taimako”, takardar za ta fito da kyau, iyaye su yi hamdala, jami'a ta karɓa. Amma jami'a tana gina darasinta ne a kan cewa abin da takardar ta faɗa gaskiya ne. Wanda aka taimaka wa a ɗakin jarrabawa an ɗage masa faɗuwa ne kawai zuwa wurin da ta fi tsada da zafi. Jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 ake yin ta gaba ɗaya da kwamfuta, takan ɗan tona asirin lamarin. A 2025, cikin sama da mutum miliyan 1.9 da suka zauna mata, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Hukumar ta amsa cewa tangarɗar na'ura ta shafi kimanin mutum 380,000 a Legas da Kudu maso Gabas, aka sake musu jarrabawar, amma ko an cire waɗannan, adadin da ya rage ya isa abin damuwa. Mafi ƙarancin makin da aka amince jami'a ta ɗauki ɗalibi da shi a shekarar 150 ne, wato ƙasa da kashi 40 cikin ɗari. Ba laifi ba ne a buɗe ƙofa ga irin wannan ɗalibi. Laifin shi ne a ɗauke shi, sannan a koyar da shi kamar wanda ya zo da 300.

Sai batun fannin da ɗalibi ya tsinci kansa a ciki. Masu neman likitanci da lauya da injiniyanci da aikin jinya sun ninka guraben da ake da su, saboda haka jami'a kan tura ragowar zuwa fannonin da ke da sarari. Yarinyar da ta nemi likitanci sai ta ga sunanta a ilimin tsirrai, ta karɓa domin kada ta sake zaman shekara a gida, da niyyar za ta canza daga baya. Canjin kuwa yana bukatar maki mai yawa a shekarar farko, wanda da wuya mai karatu da rabin zuciya ya samu. Akwai kuma akasin haka: yaron da hankalinsa ke kan tarihi ko harshe, amma mahaifi ya rantse sai ya zama injiniya. Makarantun sakandare kaɗan ne ke da malamin ba da shawara da zai zauna da yaro tun a aji uku na ƙaramar sakandare, lokacin da ake raba 'yan kimiyya da 'yan adabi, ya duba inda ƙarfinsa yake.

Abin da ya fi kowanne kama sabon ɗalibi ba shiri shi ne yadda ake lissafin maki. Ya kamata a tsaya a kansa, domin iyaye da yawa ba su san shi ba, ɗalibai da yawa kuma sai sun ƙone suke gane shi. A mafi yawan jami'o'in Najeriya ana amfani da ma'auni mai hawa biyar. Wanda ya samu 70 zuwa sama ya ci A, maki 5 ke nan. 60 zuwa 69 B ce, maki 4. 50 zuwa 59 C, maki 3. 45 zuwa 49 D, maki 2. 40 zuwa 44 E, maki 1. Ƙasa da 40 kuwa F, babu ko ɗaya. Kowane darasi yana da nauyinsa, wani yunit biyu, wani uku, wani huɗu. Ana ninka makin da nauyin darasin, a tara, a raba da jimillar yunit ɗin da ɗalibi ya yi rajista. Abin da ya fito shi ne GPA na zangon, tarinsa tun daga ranar farko kuma shi ne CGPA. Daraja ta ɗaya tana farawa daga 4.50, babbar daraja ta biyu daga 3.50, ƙaramar daraja ta biyu daga 2.40, ta uku daga 1.50.

A ɗauki ɗalibin da ya yi rajistar yunit 20 a zangon farko. Idan ya ci C a komai, GPA ɗinsa 3.00 ne. Idan kuwa ya faɗi lissafi da fiziks, kowanne mai yunit uku, ya ci C a sauran, sai ya sauko zuwa 2.10. Darasi biyu kacal sun kwashe masa kusan maki guda. A ce kuma ya gama shekarar farko da 1.80 a yunit 40, a digiri mai yunit 160. Kafin ya fita da babbar daraja ta biyu, sai ya riƙe matsakaicin da ya haura 4.00 a duk yunit 120 da suka rage, wato ko B zalla ba za ta ishe shi ba har ya gama, a darussan da suka fi na baya wuya. A jami'o'i da yawa ma F ɗin ba ta gogewa ko an sake darasin an ci; tana nan cikin lissafi har ranar fita. Shi ya sa maganar da tsofaffin ɗalibai ke yi wa sababbi, cewa a gina CGPA tun daga aji ɗaya, gaskiya ce ta lissafi.

Kari-oba kuma tana da nata sharrin. Akwai iyakar yunit da aka yarda ɗalibi ya ɗauka a zango, galibi 24, kuma dole ya fara sa darasin da ya faɗi kafin sababbi. Lokacin lakcar tsohon darasin yakan ci karo da na sabon, sai ya zaɓi wanda zai halarta, ga kuma ƙa'idar halartar kashi 75 cikin ɗari kafin a shiga jarrabawa. Idan darasin da ya faɗi sharaɗi ne na wani da ke gaba, shi ma wancan ya tsaya. Haka kaya ke taruwa har ɗalibi ya ƙara shekara bayan abokansa sun tafi hidimar ƙasa, ko ya cinye iyakar shekarun da doka ta ba shi.

Yadda ɗalibi ke karatu shi ma yana da nasa kaso. A sakandare malami ne ke bibiya, ya duba littafi, ya yi bulala. A jami'a babu mai tambaya. Da yawa sukan ajiye karatu sai jadawalin jarrabawa ya fito, sannan a kwana a aji ana haddar handawut har asuba, da shayi da goro. Masu binciken yadda ƙwaƙwalwa ke riƙe abu sun daɗe da nuna raunin wannan hanya. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna cewa mafi yawan mantuwa tana faruwa ne jim kaɗan bayan koyo, idan ba a waiwayi abin ba. A 2013 John Dunlosky da abokan aikinsa a Amurka suka auna dabarun karatu guda goma, suka samu cewa biyu ne suka fi amfani: mutum ya rufe littafi ya gwada kansa, da kuma rarraba karatu a kwanaki maimakon tara shi a dare ɗaya. Maimaita karanta shafi da ja layi da alƙalami, waɗanda ɗalibai suka fi yi, suna cikin masu ƙarancin amfani. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya tashi a Bauchi. Mahaddacin Alƙur'ani ba ya barin hadda sai daren musabaƙa. Kullum yana ƙari kaɗan, yana tilawar na baya da ka, wani na riƙe da Mus'hafi yana gyara masa. Ɗalibin da ya san wannan tarbiyya a Islamiyya ko tsangaya yana da dabarar a hannunsa, sai dai ba a taɓa gaya masa cewa tana aiki a kemistiri ba. Bambancin kawai shi ne, a jami'a ba lafazin ake so ya dawo da shi ba, ma'anar ake so, da iya aiki da ita a kan tambayar da bai taɓa gani ba.

Ba daidai ba ne a ɗora komai a kan ɗalibi. Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa a 2012 don duba bukatun jami'o'in gwamnati, ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu, wanda shi ma ɗan jihar Bauchi ne, ya ba da rahoton cunkoso a ɗakunan lakca, da ɗakunan gwaji marasa kayan aiki, da ƙarancin malamai, inda waɗanda ke da digirin digirgir ba su kai rabi ba. Asusun TETFund ya yi gine-gine da yawa tun daga lokacin, amma yawan ɗalibai ma ya ƙaru, malamai kuma suna ta barin aiki zuwa ƙasashen waje. Darussan aji ɗaya, waɗanda suka fi bukatar kulawa, su ne suka fi cunkoso. Ɗaruruwan ɗalibai a zaure ɗaya, na baya ba ya jin malami idan wuta ta ɗauke lasifika ta mutu, wani a tsaye, wani a bakin taga da littafi a kan gwiwa. Malamin da ke da takardu ɗari takwas ba zai iya rubuta wa kowa gyara ba. Sau da yawa sakamakon tes, wanda ke ɗauke da kashi 30 ko 40 na makin darasi, ba ya fitowa sai bayan jarrabawa, lokacin da sanin sa ba zai ƙara amfanar kowa ba. Salon koyarwar ma yana da tasiri. Wani nazari da Scott Freeman da abokansa suka fitar a 2014, wanda ya tattara bincike 225 a fannonin kimiyya da lissafi da injiniyanci, ya samu cewa kimanin kashi 34 cikin ɗari na ɗalibai ke faɗuwa inda lakca zalla ake yi, amma inda ake sa su warware matsala da tattaunawa a cikin aji, adadin ya sauka zuwa kimanin kashi 22.

Yajin aiki ya ƙara dagula lissafin. Ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ta yi wata tara tana yaji a 2020, ta sake yin wata takwas a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Ko me mutum zai ce game da hujjar kowane ɓangare, abin da ke biyo baya ɗaya ne: a dawo a matse zango, a gama cikin 'yan makonni abin da aka tsara wa wata huɗu, a shiga jarrabawa. Mai ƙarfin tushe zai iya cike giɓin da kansa. Mai raunin tushe, wanda ya yi watannin yana gona ko yana tuƙa Keke Napep, shi ne ke biyan kuɗin.

Akwai kuma shiru. Vincent Tinto, masanin da ya yi suna a binciken dalilan barin jami'a tun daga 1975, ya nuna cewa ɗalibin da ya saje da harkar karatu da jama'ar makaranta, yana magana da malamai, yana da abokan nazari, ya fi yiwuwar kaiwa ƙarshe. Yaron da shi ne na farko a gidansu da ya shiga jami'a ba shi da yaya ko kawun da zai gaya masa cewa ana iya ajiye darasi idan kaya sun yi yawa, ko cewa kuskuren rajista kan sa a rubuta wa mutum F a darasin da bai taɓa shiga ba, ko cewa akwai malamin da aka naɗa musamman don kula da ajinsu. Tarbiyyar kunya da girmama na gaba, wadda abin yabo ce a gida, takan hana shi ɗaga hannu a gaban ɗaruruwan mutane, balle da Turancin da yake tsoron a yi masa dariya a kai. Ga ɗaliba mace abin ya fi nauyi, domin zuwa ofishin malami namiji ita kaɗai abu ne da take gudu saboda bakin mutane. Idan an kira daga gida an tambayi karatu, amsar ɗaya ce: “Alhamdu lillahi.” Wanda ke kwana a cikin gari yana bin mota zuwa Gubi kullum, da an tashi lakca sai ya nemi hanyar gida, tutoriyal ɗin yamma da ƙungiyoyin ɗalibai ke shiryawa ya wuce shi.

Kusan dukkan waɗannan alamu suna bayyana ne a makonni shida zuwa takwas na farko, kuma jami'a tana da bayanan a hannunta: makin JAMB na kowane darasi, rajistar halarta, sakamakon tes na farko. Abin da ya rage shi ne a yi aiki da su da wuri. A gwada sababbin ɗalibai a Turanci da lissafi a makon farko, a buɗe wa masu rauni ajin ƙarfafawa, a raba manyan azuzuwa zuwa ƙananan rukunonin tutoriyal ƙarƙashin ɗaliban digiri na biyu, a fitar da sakamakon tes kafin tsakiyar zango, malamin aji kuma ya kira duk wanda ya faɗi tun kafin jarrabawa. Babu ɗaya daga ciki da ke bukatar sabon gini. Su ma iyaye a Zungur da sauran gundumomin Bauchi, su daina tsayawa a kan “yaya karatu”. Su nemi ganin takardar sakamakon zangon farko da idonsu, idan ba su iya karanta ta ba su kai wa wanda ya iya, tun ana aji ɗaya.